Abin da 'Yar Ƙanena Ta Ɓoye Mini

Na yi shekara 35 ina aikin jinya, tun daga 1984 har na yi ritaya a 2019. Saboda haka sa'ad da 'yar ƙanena ta gama shekara 3 a makarantar koyon jinya, ta ci jarrabawar Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, ta sami lasisinta, kowa a danginmu ya ce ta yi sa'a, gama tana da gwaggo wadda ta san hanya. Ni ma haka na zata. Amma ga shi yau ina rubuta yadda yarinyar nan ta kusa hallaka a cikin gidana, ina kallonta safe da yamma, ban kuwa gane ba.

Ni na goye ta tun rasuwar mahaifinta. A Rido ta girma, inda muka zauna tun zamanin da maigidana ya sami aiki a gefen matatar mai, shekaru kaɗan bayan an buɗe ta a 1980. A farkon 2023 ta sami aiki a wani asibiti a ƙetaren kogin Kaduna. Ranar da ta fara sa farin kaya, mata maƙwabta suka yi ta guɗa. Aka yi addu'ar godiya a majami'a. Tun daga ran nan sunanta ya ɓace a unguwa, sai dai a ce “Nas”, waɗansu ma su ce “Likita”.

Makonnin farko murna ce kawai. Ta kan dawo da labari cike da baki, yau ta sa ƙarin ruwa da kanta, jiya wani tsoho ya sa mata albarka. Bayan kamar wata 2 sai labarin ya fara raguwa. Daga nan ya ƙare.

Bari in gaya muku yadda ranarta ta ke. In tana aikin safe, ta kan tashi tun kafin asuba, ta ɗebi ruwa, ta yi wanka, ta fito bakin titin Kachia, ta bi ta Sabon Tasha, ta sake mota, sa'an nan ta haye gada. Ba ta iya cin kome da sassafe haka. A ƙarshen watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, sai ta fara taka wani sashi na hanyar da ƙafa domin albashin ya kai ƙarshen wata. In kuwa aikin yamma ne, sai bayan duhu ta ke tashi. Mu mutanen wannan gefe na Chikun ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka kwashe yara fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a watan Yuli. Tun daga lokacin ba wanda hankalinsa ya ke kwance in nasa yana kan hanya da dare. Wani lokaci ta kan kwana a benci a asibiti, ta fi son haka da ta biyo hanya.

A makaranta ɗaliba tana da malama a bayanta. In ta yi kuskure akwai mai kamawa kafin ya kai ga marar lafiya. Ran da ta sami lasisi, wannan hannu ya janye. Sai ta ga kanta da dare ita da abokiyar aiki guda ɗaya tak, ga gadaje cike, ga 'yan jinya a kwance a ƙasa, likita yana can wani ɗaki, kowa kuwa ita ya ke kira. An koya mata yadda ya kamata a yi abu, ta zo ta tarar safar hannu ta ƙare, ko kuwa sai dangin marar lafiya sun je sun sayo. Wannan ba sabon abu ba ne, ba kuma namu ne kaɗai ba. Tun a 1974 wata malamar jinya a Amurka, Marlene Kramer, ta yi rubutu a kan abin da ke samun sababbin nas-nas. Ta nuna cewa da fari akwai kwanakin amarci, sa'an nan sai firgici ya biyo, sa'ad da abin da aka koya a aji ya yi karo da abin da ke cikin ɗakin marasa lafiya. A wannan gaɓa ne waɗansu ke barin aikin. Waɗanda suka sami mai riƙe su, su kan farfaɗo. Na san wannan duka. Na ma taɓa koya wa ɗalibai. Amma wanzami ba ya son jarfa, ilimin da na ke da shi bai shiga ƙofar gidana ba.

Mu ma a gida mun ƙara mata kaya. Ta dawo daga aikin dare da ƙarfe 10 na safe, idonta ja wur, kafin ta cire takalmi an yi sallama. Wannan ta zo a auna mata jini, wancan ya kawo allurar da ya sayo a kemis a yi masa, wata ta kawo jariri da zazzaɓi. Ba ta iya cewa a'a, gama za a ce ta fara girman kai. Ni kuwa, maimakon in tsare mata ƙofa, sai in ji daɗi ana cewa gidanmu gidan taimako ne. Dangi na ƙauye suka ji ta fara ɗaukar albashi, saƙo ya fara zuwa, kuɗin makarantar wane, kuɗin takin wane. A majami'a kuma tana cikin mawaƙa. In ta yi aikin dare ran Asabar, ta kasa zuwa sujada ran Lahadi, sai wata ta tare ni a ƙofa ta ce, “Kwana biyu ba mu ga 'yarki ba, ko aikin ya raba ta da mu ne?” Ni kuma in dawo gida in sauke mata maganar kamar yadda aka ba ni.

Akwai wani maraice da ba na so in tuna, amma dole in faɗa. Ina tankaɗen gari a tsakar gida, ta zo ta zauna kusa da ni a kan turmi. Ta yi shiru, can ta ce, “Gwaggo, wani yaro ya rasu a hannuna jiya. Shekararsa 4. An kawo shi a makare, jininsa ya ƙare. Uwar ta riƙe mini riga tana cewa in yi wani abu.” Ban ko ɗaga kai ba. Na ce, “To, mu da muka yi shekara 35 muna ganin wannan fa? Za ki saba. Nas ba ta kuka.” Ta ce, “To, Gwaggo.” Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ran nan ba ta ƙara kawo mini maganar asibiti ba.

Abin kunya shi ne, ƙarya na yi mata. A 1984, daren da mace ta fara mutuwa a hannuna wajen haihuwa, na shiga ɗakin ajiyar kaya na yi kuka har na kasa tsayuwa. Wata dattijuwa mai shara ce ta same ni, ba ta ce mini kome ba, ta zuba mini kunu daga kwanonta, ta zauna tare da ni har na sha. Ban da haka, mu a zamaninmu muna zaune a gidajen ma'aikata kusa da asibiti, taku kaɗan ne. Da maraice mu kan taru mu 5 ko 6, 'yan aji ɗaya, mu ci abinci tare, mu faɗi abin da ya same mu, mu yi dariyar kurakuranmu, mu yi gulmar babbar sista. Ba mu san magani mu ke sha ba. Yarinyar nan ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. 'Yan ajinta sun watse, waɗansu suna Kafanchan, waɗansu Zariya, waɗansu suna karatun jarrabawar tafiya Ingila. Ni kaɗai ce gare ta, ni kuwa na rufe ƙofa.

Alamun duk suna nan. Ta rame. Ta kan kwanta ba barci, in ta yi barci kuma ta farka a firgice. Ta fara yi wa ƙannenta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Rannan na ji tana waya tana kiran wani marar lafiya “gado na 7”, da murya irin ta wanda ba ruwansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya da ke zuwa daga wahalar aiki mai tsawo, ta ba da alamunta 3: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya fara ƙyamarsa, sa'an nan ya ga kamar ba ya iya kome. Duk ukun na gan su a tsakar gidana, na ce rashin haƙuri ne irin na yaran zamani.

Sai ga watan Agusta, ana tsakiyar damina. Ta gama makon aikin dare ran Laraba da safe, ta dawo, ta shige ɗaki. Ba ta ci abincin rana ba, ba ta ci na dare ba. Ran Alhamis ma haka. Na tambaya, ta ce zazzaɓi ne. Wajen ƙarfe 10 na daren Alhamis na fita kawar da bokiti daga bakin indararo, sai na ji motsi a bayan ɗaki. Na haska tocila. Tana tsugune, tana matsa ɗan yatsanta na hagu, tana zuba masa ruwan bilic, hawaye yana zuba.

Na ce, “'Yata, mene ne?”

Ta ce, “Gwaggo, na mutu.”

Da ƙyar na tattara maganar. Wajen ƙarfe 2 na daren Talata, wayewar Laraba, aka ɗauke wuta. Ta yi wa wani mutum allura da hasken wayarta. Akwatin zubar da allurai ya cika, yana kuma can ƙarshen ɗaki, sai ta ce bari ta mai da murfin allurar tukuna. Dare na 7 ke nan ba ta yi barcin kirki ba. Hannu ya kuskure, allura ta shige yatsa. Da ta duba katin mutumin, sai ta ga yana shan maganin ƙanjamau.

Na ce, “Wa kika gaya wa?” Ta ce ba kowa. A farkon makon wata babba a wurin aikin ta yi mata faɗa a gaban marasa lafiya saboda wani ɗan kuskure, ta ce da ita ko sayen takardar ta yi. Ta ji tsoro in ta faɗa za a ce ga shi kuma, ko ma a sallame ta. Na ce, “Ni fa? Don me ba ki gaya mini ba?” Ta dube ni ta ce, “Kin ce nas ba ta kuka.”

Ban taɓa jin magana ta soke ni kamar wannan ba. Amma ba lokacin kuka ba ne, lokacin lissafi ne. Ina roƙon kowane gida da ke da ma'aikacin asibiti, ko nas, ko mai gwajin jini, ko mai shara, ya riƙe abin da zan faɗa yanzu. In allurar da aka yi wa wani ta soki mutum, sai ya wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ya matsa, kada ya tsotsa, kada ya zuba bilic. Sa'an nan ya faɗa wa na gaba da shi a take, ko da tsakar dare ne. Akwai maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki, amma yana da wa'adi. Ya fi kyau a fara shi cikin sa'o'in farko, in kuwa an wuce sa'a 72, an makara. Ana shansa kowace rana har kwana 28. Haɗarin kamuwa da ƙanjamau ta wannan hanya bai kai yadda tsoro ya ke nuna wa mutum ba, wajen 3 ne cikin 1,000. Wanda ya fi saurin kamawa shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda ya kan kai har 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba, in jinin marar lafiyar yana ɗauke da ƙwayar da yawa. Rigakafinsa allura 3 ce, ta fari, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Na tambaye ta, ta ce guda ɗaya ta yi tun tana makaranta, kuɗi ya hana ta ƙarasawa. Ni da na biya kuɗin farin kaya da takalmi da agogon ƙirji, ban taɓa tambayar wannan ba.

Na ƙirga da yatsu. Daga ƙarfe 2 na daren Talata zuwa lokacin, sa'a 44. Ba halin fita Rido a wannan dare. Muka kwana zaune a gadona, na riƙe hannunta, muka yi addu'a, na kuma ba ta labarin ɗakin ajiyar kaya da kunun dattijuwar nan, labarin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigidana. Gari na wayewa muka fita cikin yayyafi. Kafin ƙarfe 9 ta haɗiye ƙwayar farko, sa'a 55 ke nan.

Ba wanda ya kore ta. Likitan da ya gan mu ya ce shi ma ya taɓa shan maganin nan sau biyu. Aka gwada jinin mutumin, ba shi da ciwon hanta, aka kuma ci gaba da yi mata nata rigakafin. Kwana 28 ɗin ba su yi daɗi ba, ta yi fama da tashin zuciya da ciwon kai. Aka gwada ta bayan mako 6, aka sake gwadawa bayan wata 3. Ba kome. Ran da sakamakon ƙarshe ya fito na yanka zakara.

A cikin watannin nan na jira ne muka sake tsarin gidanmu. Ba wani babban abu muka yi ba, kuma yawancinsa aikina ne, ba nata ba. Na farko dai na zama mai gadin ƙofa. In ta yi aikin dare, na kan ajiye kujera a zaure. Mai son awon jini, ni zan auna masa, hannuna bai manta ba. Mai allurar kemis kuwa sai in nuna masa hanyar asibiti, gama tun asali ma ba daidai ba ne a yi ta yin allura a gida ba tare da takardar likita ba. Waɗansu sun ji haushi. Wata ta daina gaishe ni har Kirsimati. Na rataya tsohon bargo a tagar ɗakinta domin ya yi duhu, na hana yara wasa a wannan gefe, na kan karɓi wayarta in ajiye a ɗakina har ta farka. Barcin rana ba ya kai na dare, amma sa'a 5 ko 6 a jere sun fi guntu-guntu.

Sai abinci. Nas ta kan yini tana gaya wa mutane su ci, su sha ruwa, ita kuwa sai biskit da lemon kwalba, ta kuma riƙe fitsari tun safe har la'asar don ba wanda za ta bar wa ɗaki. Yanzu ba ta fita sai da kwano a jaka, ko dafa-duka ce, ko ɗanwake, ko dankali da ƙwai, da gorar ruwa. Na ce da ita ta sami minti 10 ta ci a zaune, ko duniya za ta tashi. Na kuma yi mata magana a fili a kan abin da na gani da idona a shekarun aikina, watau ma'aikatan da suka fara da ƙwaya ɗaya ta barci ko ta ciwon baya daga kabad ɗin magani, don kawai su iya fita aiki gobe, har abin ya fi ƙarfinsu. Wanda maganin ke hannunsa ya fi kowa kusa da wannan rami.

Maganar kuɗi ta fi wuya. Na kira dangi na ce shekarar farko albashinta nata ne, na mota da abinci da takalmi mai kyau, gama mai tsayuwa sa'a 12 ba ta yin wasa da takalmi. Wani kawunta ya ce na koya mata rowa. Na ce na ji. Na kuma je wurin shugabar mawaƙa na bayyana mata yadda aikin dare ya ke. Ta fahimta sarai, har ta ce a bar ta ta riƙa zuwa a makon da ta ke hutu. Ashe tun da fari magana ɗaya ce ta isa, ni ce ban yi ba.

Akwai abin da ba na iya yi mata, ko da na so. Ni gwaggo ce, akwai kunya a tsakani. Ta nemo 'yan ajinta 3 da ke aiki a cikin Kaduna, suna haɗuwa sau ɗaya a wata, wani lokaci a Barnawa, wani lokaci a nan gidanmu. In sun zo na kan dafa musu abinci in ba su wuri. Ina jiyo su daga nesa, dariya, shiru, dariya kuma. Ɗaya daga cikinsu da baƙin cikinta ya ƙi wucewa, har ta fara cewa gara ta mutu, su ne suka raka ta ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa. Ta warware, tana kan aikinta. Da a zamaninmu ne, da an ce a yi shiru kada a ɓata mata suna.

Kada mai karatu ya ɗauka bargo a taga da kwanon abinci sun gyara aikin jinya a ƙasar nan. Ba su gyara ba. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Majalisar Nas-nas ya ce fiye da nas-nas 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3. Aikin duk wadda ta tafi yana komawa kan waɗanda suka rage, galibi kuwa a kan ƙananan, domin ƙwararrun ne ke tafiya. A cikin wannan wata ɗin dai zazzaɓin Lassa ya kashe ma'aikatan lafiya a asibitin sojoji na 44 a nan Kaduna, muka yi makonni ina duban fuskarta duk ran da ta ce kanta yana ciwo. A ƙarshen Yuli 2025 ƙungiyar nas-nas ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Waɗannan sun fi ƙarfin tsakar gida. Abin da ke hannun tsakar gida shi na faɗa.

Watannin baya aka kawo sababbin nas-nas 2 ɗakin da ta ke aiki. Wata safiya na ga tana zuba abinci a kwano biyu. Na ce, “Yau yunwar ta yi yawa ne?” Ta ce, “A'a, Gwaggo, na ƙaramar nan ce da aka haɗa mu aikin dare. Jiya na same ta a ɗakin ajiyar kaya.” Na ɗauko sauran kifin da na ɓoye wa maigidana, na ƙara a kwano na biyu.